Daga Kwangila zuwa cikin gajimare: a ina cuta ke kama matafiyi?

Duk wanda ya zauna a Samaru ko Palladan a Zariya ya saba da ƙugin ƙananan jiragen horo na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda 'yan gari suka fi sani da Abiyeshan. Tun 1964 take nan a bakin hanyar Sakkwato, tsakanin Kwangila da Jami'ar Ahmadu Bello, tana yaye matuƙa da injiniyoyi. Amma garin da ke koya wa ƙasa tuƙi ba ya da jirgin haya na fasinja. Bazazzagin da zai tashi sai ya nemi Kano, ko Kaduna, ko ya zarce Abuja. Wannan tafiyar ƙasa ba a cika sa ta cikin lissafi ba idan ana zancen annoba da jirgin sama, alhali a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Ba a raba ɗaya biyu, jirgi na safarar cuta daga ƙasa zuwa ƙasa. Mutum na farko da aka tabbatar yana ɗauke da korona a Nijeriya, ranar 27 ga Fabrairu 2020, ɗan Italiya ne da ya sauka a Legas. Marigayi Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, bayan dawowarsa daga Jamus gwaji ya nuna ya kamu, ya kuma rasu ranar 17 ga Afrilu. Kafin ƙarshen Maris gwamnati ta rufe filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa. Jiragen cikin gida ba su dawo ba sai Yuli, na waje kuwa sai 5 ga Satumba. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cikin jirgin kansa tukunyar cuta ce: ga ƙofa a rufe, ga taga ba ta buɗuwa, kowa na shaƙar numfashin kowa.

Injiniyan da ya fito daga Abiyeshan zai gaya maka ba haka abin yake ba. A manyan jiragen zamani, kusan rabin iskar da fasinja ke shaƙa daga waje ake jawo ta, can sama inda babu kowa. Ɗaya rabin, wadda ake sake juyawa, sai ta bi ta wata matata mai suna HEPA, irin wadda ake sawa a ɗakunan tiyata, mai kame kashi 99.97 cikin ɗari na ƙananan ɓurɓushi, har da ɗigon numfashin da ƙwayar cuta ke hawa. Ana sabunta iskar ɗakin gaba ɗaya sau 20 zuwa 30 a awa guda, wato duk bayan minti biyu ko uku. Kuma ba daga gaba zuwa baya take kaɗawa ba. Daga rufi take saukowa, ta fice ta ramukan da ke gefen ƙafafu. Babu ajin jami'a ko zauren ɗaurin aure a Zariya da ke samun irin wannan gata.

Sai dai matata ba ta tsare ka daga maƙwabcinka. Tarin da ya fito daga bakin na kusa da kai zai riga isa hancinka kafin ya isa na'ura. A farkon Maris 2020, wata mata mai korona da ke tari ta shiga jirgi daga Landan zuwa Hanoi, tafiyar kusan awa 10, a lokacin da ba a tilasta sa takunkumi ba. Masu bincike sun gano mutum 15 da ake kyautata zaton a jirgin suka kamu, 12 daga cikinsu a sashen manya inda take zaune. Kuɗin tikiti bai hana komai ba. Haka aka yi a 2003 da cutar SARS a wani jirgi daga Hong Kong zuwa Beijing, inda mutum 22 suka kamu.

Labarin da ya fi ba ni tsoro kuwa tsoho ne. A 1977, a garin Homer na jihar Alaska ta Amurka, injin wani jirgi ya samu matsala, aka tsaya a ƙasa kimanin awa uku da mutum 54, na'urar iska a kashe. Mutum ɗaya ne mai mura a cikinsu. Cikin kwana uku kashi 72 cikin ɗari sun kwanta. Jirgin bai ko tashi ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin jirgi a tsaye, gumi na tsiyaya, ana cewa a ƙara haƙuri, ya san irin wannan zaman. A nan, da lokacin hawa, da lokacin da kowa ke miƙewa yana jawo jaka tun ba a buɗe ƙofa ba, takunkumi ya fi amfani. Mu kuwa a nan muka fi sauke shi zuwa haɓa. Takunkumin ma suna suka tara: mai ɗaure fuska sosai irin N95 ya fi na tsumma nesa ba kusa ba.

To, mu dawo Kwangila. Mai jirgin safe a filin Malam Aminu Kano yakan shiga motar haya tun da asuba, huɗu a baya, biyu a gaba. Idan hunturu ne, an ɗage gilasai saboda sanyi da ƙura. Direba ya ce, "Alhaji, a ɗan gyara," ka matsa, kafaɗarka a jikin wanda ba ka sani ba, awa biyu cur. Motar nan ba ta da matata, ba ta da sabuwar iska sai wadda ta kurɗo ta kafar ƙofa. Bayan ta akwai layin auna kaya, da layin bincike, da zauren jira. Idan aka haɗa, sau da yawa zaman ƙasa ya fi na sama tsawo. Sassauta gilashi ko da faɗin yatsa biyu ne ya fi kwalbar sinadarin wanke hannu da ake ta shafawa, domin korona da mura ta iska suka fi yaɗuwa. Ko a 2014, da Patrick Sawyer ya shigo da Ebola Legas ranar 20 ga Yuli, waɗanda suka ɗauka daga gare shi su ne masu ɗawainiya da shi bayan saukarsa: jami'in da ya tarbe shi, da ma'aikatan asibiti irin su Dakta Ameyo Adadevoh.

Jiki ma na da nasa ƙorafin a sama, ko da annoba ko babu. Danshin iskar jirgi bai cika wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Hunturun Zariya ne sak, mai busar da hanci da maƙogwaro. A sha ruwa, kada a ƙi sha don gudun zuwa bayi, kamar yadda iyayenmu mata kan yi. Nauyin iskar kuma daidai yake da na kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, sama da tudun Jos. Mai lafiya ba zai ji komai ba, amma mai sikila, ko ciwon zuciya, ko asma, ko mai tsohon ciki, ya kamata ya ga likita kafin ya yanki tikiti, ko a asibitin Shika ne ko a na unguwa. Zaman da ya wuce awa huɗu wuri ɗaya yana ninka haɗarin daskarewar jini a ƙafa, kuma tafiyar Jidda ta kai haka. Motsa ƙafa da miƙewa jifa-jifa sun wadatar ga yawancin mutane.

Alhazai sun riga kowa sanin darasin cuta da tafiya. A 1996, saboda annobar sanƙarau a Arewa, Saudiyya ta rufe wa maniyyatan Nijeriya ƙofa. Har yau babu maniyyacin da ke tafiya ba tare da shaidar allurar sanƙarau da ta shawara ba, kuma ana so a yi su aƙalla kwana 10 kafin tashi, domin jiki ya samu damar haɗa garkuwa. Katin da aka saya ba tare da allura ba yana iya wuce jami'in bincike, amma takarda ce kawai a cikin cunkoson Mina. A 2020 da 2021 ba a je Hajji daga waje ba sam. Da aka buɗe a 2022, sai da sharaɗin rigakafin korona da shekaru ƙasa da 65.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, takunkumi ya ɓace daga filayen jirgi. Tarin da alhazai kan dawo da shi bai ɓace ba. Motar da ta ɗauko Hajiya daga sansanin alhazai na Mando tana tsayawa a ƙofar gida a Sabon Gari, tun ba a sauke jaka ba ɗaki ya cika: jikoki, maƙwabta, tsohuwar da aka riƙo da sanda. Ana rungume-rungume, ana miƙa dabino, kofi ɗaya na zamzam yana zagaya bakuna ashirin. Hajiya na amsa barka da muryar da ta dishe, tana tari cikin gefen mayafi. Cutar numfashi kan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana, don haka wanda zai kwanta a gidan nan sai mako mai zuwa, lokacin da baƙi sun watse kuma an gama rabon tsaraba.