Tsofaffin Alhazai a Makka da Darasin Binciken Ƙwaƙwalwa

Mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka yi Hajjin 2024, kuma duk wanda ya leƙa tantunan alhazan Najeriya da Nijar a Mina ya san yadda furfura take da yawa. Dalilin a fili yake: kujerar Hajji a Najeriya ta haura naira miliyan 8 a 2025, manomi da 'yar kasuwa kuwa sai sun kwashe shekara da shekaru suna tari, kafin guzuri ya cika ƙarfi ya tafi. Daga nan ake samun abin da ake gani kullum a Harami. Dattijo zai ja birki a tsakiyar masu ɗawafi ya ɗaga hannu yana addu'a, bai lura da dubban da ke tunkaro bayansa ba. Hajiya za ta juya ta fuskanci ayarin masu jifa a Jamrat don takalminta ya cire. Matasa kan ce taurin kai ne, alhali binciken ƙwaƙwalwa ya nuna an yi wa dattawan gurguwar fahimta.

Kafin mutum ya hango abin da wani yake gani, dole ƙwaƙwalwa ta danne nasa ganin na ɗan lokaci. Sassa biyu ke kan gaba a wannan aiki: wata mahaɗa a saman kunnen dama ta baya, da wani sashe can cikin goshi, kuma tsufa na rage musu kuzari. A 2012 masana a Landan sun ratsa mahaɗar nan da wutar lantarki mai rauni ƙwarai, ta faifan da ake liƙawa a fatar kai na minti 20, suka ga matasa sun fi iya ɗaukar mahangar wani. A 2021 Andrew Martin da Marcus Meinzer da abokan aikinsu sun ba da rahoton ci gaba makamancin haka ga tsofaffi. Abin da lantarki ke iya motsawa kuwa lamari ne na jiki, bai kamata a kira shi mugun hali ba.

Wani zai ce ai dattawa ne ke sasanta rigima, ta yaya za su gaza fahimtar mutane? Haka ne, amma hikimar zaure tana da lokacin tunani, cunkoso kuwa na buƙatar hukunci cikin ƙiftawar ido, ga rashin barci, ga ƙishirwa, ga zafin da ya kusa digiri 52 a Makka a 2024, shekarar da Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301. Wani kuma zai ce tasirin na'urar lantarkin ƙarami ne, a ɗakin gwaji aka auna shi, kan mutane kaɗan. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa sayar da ita da sunan maganin tsufa zai zama yaudara.

Amfanin binciken a yau shi ne ya nuna inda nauyi ya rataya. Hukumomin Saudiyya sun hana masu cutar mantuwa zuwa Hajji, amma galibin dattawanmu hankalinsu garau yake, sauri ne kawai ya ragu. Ya kamata hukumar alhazan Najeriya, NAHCON, da hukumomin alhazai na jihohi su haɗa kowane dattijo da matashi ɗan rakiya, a kai su jifa lokacin da mutane suka ragu ko a wakilce su, a kuma koyar da wannan a bita tun daga gida. Idan tsufa ya hana Baba ganin abin da ke bayansa, mai ƙuruciya ne ya wajaba ya gani masa.