Zomo da ɓera a aikin neman maganin shanyewar ɓarin jiki

Manoman lambu na Tondibiya, a bakin kogin Kwara kusa da Yamai, sun san abin da ke faruwa in laka ta toshe hanyar ruwa: fangalin da ke gaba ya bushe. Haka ƙwaƙwalwar mutum take. Jini ne ruwanta, jijiyoyi ne hanyoyinsa. In gudan jini ya toshe jijiya guda, sashen da take shayarwa ya fara mutuwa. Sai baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Da yawanmu mukan ce iska ce ta bugi mutum.

Ba a gwajin sabon magani a kan ɗan Adam da farko, shi ya sa masana suke farawa da dabbobi. A shekarar 1985, a Amurka, likita Justin Zivin da abokan aikinsa sun zuba ƙananan gudajin jini cikin jijiyar wuyan zomaye, sannan suka yi masu allurar wani magani mai narkar da gudan jini, mai suna tPA. Zomayen da suka sami allurar da wuri sun fi sauran tsira daga nakasa. A 1995 gwaji ya nuna amfaninsa ga mutane, a 1996 hukumar Amurka ta yarda da shi.

Amma zomo ba mutum ba ne. Wani bincike na 2006 ya ƙirga magunguna 1,026 da aka jarraba. Kusan dukansu ba su kai ga amfanar majinyata ba. Ɓerayen gwaji yawancinsu matasa ne masu lafiya, alhali masu ciwon nan galibi dattawa ne masu hawan jini ko ciwon sukari.

Abin da zomayen suka nuna sarai shi ne ƙurewar lokaci. Allurar tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko. Kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna, don wani lokaci fashewa jijiyar ta yi, kuma a nan maganin kisa yake.

Saboda haka in mun ga alamun nan ga wani a gida ko a gona, kada mu ɗura masa ruwa ko jiƙo, don yana iya shaƙewa. Mu riƙe lokacin da abin ya fara, mu nemi mota zuwa babban asibitin ƙasa na Yamai nan take, ko da dare ne.