Sunayen da Ke Jikin Tutar Soja

Ya kai mai karatu, in ka taɓa tsayawa kallon faretin soja, watakila ka ga tuta biyu a tsakiyarsu, kowace hafsa na riƙe da ita, masu bindiga suna gadi. Da za ka matsa kusa, sai ka ga an ɗinka waɗansu sunaye a jiki. Sunayen wuraren da rundunar nan ta yi yaƙi ke nan, aka shaida ta yi abin yabo.

Ka sani runduna ba ta zaɓa wa kanta suna. A zamanin Turawa, sai yaƙi ya ƙare, manyan soja su zauna a Ingila su bi labarin kowace karawa, su ga wace runduna ce ta tsaya a wurin, sa'an nan Sarkin Ingila ya yarda. Abin ya kan ɗauki shekaru. Lambar da a ke maƙala wa soja a ƙirji tasa ce shi kaɗai. Sunan da ke jikin tuta kuwa na runduna ne duka, har yaron da ya shiga soja jiya yana da rabo a ciki.

To, rundunar Nijeriya, wadda aka haɗa a 1914, sunanta na fari ya girme ta, watau Ashanti 1873-74. Gado ta yi daga Hausawan da Kyaftin Glover ya fara tarawa a Ikko a 1863. A yaƙin Jamus na fari aka ƙara mata Garwa da Banyo, garuruwan Kamaru da aka ci a 1915. Yaƙin Hitila ya kawo sunayen ƙasar Habasha da na Bama, kamar Myohaung, inda aka kori Japan a watan Janairu na 1945. Kanawa da yawa sun je can, waɗansu ba su komo ba.

Amma ga abin da ya kamata Bakano ya lura. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Kanar Morland suka shiga birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana wajen Sakkwato. Sojan nan galibinsu baƙar fata ne, da yawansu Hausa su ke ji. Duk da haka, in ka bi sunayen rundunar ɗaya bayan ɗaya, ba za ka iske Kano ba, ba za ka iske Sakkwato ba. Lamba kurum aka ba waɗanda suka yi yaƙin, da ɗan ƙarfe mai rubutun Nijeriya ta Arewa 1903. Ni dai a ganina hakan ya fi, gama da wuya a ce wa ɗan Kabuga ya sara wa tuta mai ɗauke da labarin faɗuwar ƙofarsu.

Daga baya aka riƙa sa wa barikoki irin sunayen nan. Barikin Dalet na Kaduna daga Bama ya samo nasa, barikin Bukavu na Kano kuwa daga Kwango, inda sojanmu suka tafi aikin kwantar da tarzoma tun daga 1960.