Wa zai shigar da dara cikin waya?

Duk ɗalibin da ya taɓa zaman jiran sabon zangon Labarina ya san abin da ake kira ɗoki. An saki ɗan gajeren bidiyon talla, ana ta tura shi daga waya zuwa waya, a aji kuma musu ya kaure kan wanda zai mutu da wanda zai yi aure, ranar fitowa kuwa sai ƙara nisa take yi. To, akwai miliyoyin matasa a duniya da ke irin wannan zaman, sai dai su wasa suke jira. Wasa ne da a da ake baje shi a kan tebur da katuna da 'ya'yan wasa, sai wani kamfani ya yi alkawarin mayar da shi cikin kwamfuta ko waya. Wani jiran na shekara uku ne, wani na takwas. Wasu ma har kuɗi suke biya tun ba su ga abin da suka saya ba.

Kakan irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Idan aka cire masa sunan Turanci, tatsuniya ce da ake yi da taron dangi. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labarin, kamar yadda kaka ke riƙe da shi da dare. Sauran kowa ya ɗauki matsayi: wannan jarumi, wancan maharbi, waccan mai magani. Mai labarin zai ce ga ku a bakin kogo, dodo na barci a ciki, me za ku yi? Wanda ya ce zai lallaɓa ya wuce sai ya jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20. In lamba babba ta fito ya tsira, in ƙarama ce dodo ya farka. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai ba da shi.

A watan Oktoba na 2020 wani kamfanin ƙasar Beljiyam mai suna Larian ya fara sayar da wasan kwamfuta da ya gina a kan dokokin Dungeons & Dragons, sunansa Baldur's Gate 3. Abin mamakin shi ne wasan bai kammala ba. Kashin farko kawai aka ba mutane, amma suka biya cikakken kuɗi, kusan dala 60, suka yi ta bugawa suna aika wa kamfanin ƙorafi da shawara: nan ya yi wuya, can labarin bai yi daɗi ba, wannan jarumar ta cika faɗa. Sai ranar 3 ga Agusta, 2023 cikakken wasan ya fito, kuma a ƙarshen shekarar ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara. Waɗannan jiransu ya yi rana.

Haka aka yi da Gloomhaven, wasan tebur da ya fito a 2017 cikin wani ƙaton kwali mai nauyin kusan kilo 10. Kafin a gama jera katunansa da taswirarsa an ci lokaci mai yawa, shi ya sa masoyansa suka ƙagu a mayar da shi kwamfuta, wadda za ta ɗauke musu wahalar jerawa da lissafi. Sun samu somin-taɓi a 2019, cikakken ya zo a Oktoban 2021. Da mai wasan, Isaac Childres, ya nemi a tara masa kuɗi a intanet a 2020 don ya yi na biyu mai suna Frosthaven, mutane sama da 80,000 suka haɗa masa kusan dala miliyan 13, alhali ko kwali ɗaya ba a buga ba tukuna.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Cyberpunk ma wasan tebur ne tun 1988. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya sanar a 2012 cewa zai mayar da shi wasan kwamfuta, aka yi shekara takwas ana zuba talla mai ɗaukar ido, har mutum miliyan 8 suka biya kuɗi kafin ranar fitowa. Da ya fito ranar 10 ga Disamba, 2020, sai ga shi cike da matsala, musamman a tsofaffin na'urorin wasa: hoto na tsayawa, mutane na nutsewa cikin ƙasa, wasan na mutuwa ana tsaka da yi. Bayan mako ɗaya kamfanin Sony ya cire shi daga shagonsa na PlayStation, ya ce duk mai son kuɗinsa ya zo ya karɓa. Daga baya an gyara wasan ya yi kyau, amma waɗanda suka yi gaggawar biya sun riga sun sha haushi. Ɗokin nan da kuke ji ba haka kawai yake zuwa ba. Akwai ma'aikatan da albashinsu ke fitowa daga hura shi, kuma bidiyon talla aikinsa ya nuna muku wurin da ya fi kyau.

Me ya shafi ɗan Anka?

Yanzu bari mu dawo gida. Ɗalibi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum zai iya ganin tallar waɗannan wasanni a TikTok ko YouTube kamar kowa, ransa ya biya. Sai dai Baldur's Gate 3 na buƙatar wuri mai girman gigabait 150 a kwamfuta mai ƙarfi. Ku lissafa kuɗin datar da za ta sauke wannan, ku haɗa da kuɗin mai cajin waya da zaman jiran wuta. Sannan ba a yi shi don wayar hannu ba. Saboda haka in kuka ga wani shafi na cewa danna nan ka sauke shi kyauta a wayarka, ku sani tarko ne. Irin waɗannan manhajojin bogi su ne ke cika waya da talla, wasu su kwashe lambobin da ke ciki, wasu su nemi lambar sirrin asusun banki. Wayar kuma sau da yawa ta Baba ce ko ta Yaya aka ara.

Wasan teburin da ya shigo wayoyinmu da gaske shi ne lido. Asalinsa wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista a 1896, daga nan ya bazu har ya iso shagunanmu a kwali mai gilashi. A 2016 wani kamfanin Indiya, Gametion, ya fitar da Ludo King, kuma lokacin kullen korona a 2020 ya zama ruwan dare, an sauke shi sau ɗaruruwan miliyoyi. Sirrinsa ba wani kyan hoto ba ne. Ba ya cin wuri, ƙaramar waya na ɗaukarsa, kuma mutum huɗu za su iya zagaye waya ɗaya su buga ko babu sabis. Shi ma wasan katin Whot, wanda aka ƙirƙira a Ingila a shekarun 1930, kamfanin Maliyo na Legas ya shigar da shi waya da sunan Whot King. Abu ɗaya dai: da zarar manhaja ta ce ku zuba kuɗi don ku ci kuɗi, an bar wasa an shiga caca, ko da kuwa sunanta lido.

Maganar rashin sabis ba baƙuwa ba ce a Zamfara. A farkon Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, a daidai lokacin da makarantu da kasuwannin mako ke rufe. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Yayyenku za su tuna. A watannin nan duk wasan da ke neman intanet ya zama hoto. Abin da ya rage shi ne wanda ke aiki babu data, da kuma wanda tun asali ba ya buƙatar ko batir.

Ramuka 30, 'ya'ya 24

Wannan na ƙarshen shi ne dara. Ana tona ramuka a ƙasa, layi 5 kowanne da gida 6, a gindin bishiya ko ƙofar gida. Ɗaya ya ɗauki tsinke 12, ɗayan ya ɗauki tsakuwa 12. Da farko ana sa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ni in sa kai ka sa, har su ƙare. Daga nan sai a fara gusawa, gida ɗaya kacal, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka ƙare har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi. Babu ƙwayar jefawa, babu sa'a, kai ne da kanka. Gwanaye tun wajen sa 'ya'ya suke gama da mutum, domin suna shirya wurin da ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, duk motsi ci. Wasan ya shiga harshenmu sosai: ana cewa dara ta ci gida, ana kuma kiran zane mai murabba'i-murabba'i mai gidan dara.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne an san dara a waje. Wani Baturen Ingila, R. C. Bell, ya bayyana ta a littafinsa na wasannin duniya da ya fito a 1960, a matsayin wasan Dakarkari, wato mutanen ƙasar Zuru a Jihar Kebbi ta yanzu, maƙwabtan Gummi da Bukkuyum ta kudu. Zabarmawa a Nijar suna kiranta dili. Ke nan yankin nan namu na tsakiyar gidan dara ne. Duk da haka ba mu taɓa ganin matasa na ƙirga kwanaki suna jiran fitowar dara a waya yadda ake yi wa wasannin Turai ba.

Wani zai ce ai dara ba ta da dodo ko jarumi. Gaskiya ne, amma kayan labarin a jibge suke. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga macijin rijiyar Kusugu ta Daura, ga Sarauniya 'Yargoje da tarihin baka ke cewa ta mulki Zamfara, ga ita kanta Anka, mazaunin Sarkin Zamfara. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tafiya ce daga gari zuwa gari don neman abu guda, kuma haka ake gina galibin wasannin almara. A ce matafiyi ya tashi daga Gummi, a kowane zango sai ya kara da wani gwanin dara kafin a buɗe masa ƙofar gari, Gizo kuma na yi masa maguɗi in ya yi sakaci. A ganina wannan ya fi lido abin jira.

Kada ku ce sai Bature. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na kamfanin Kiro'o sun yi shekaru suna fama da ɗaukewar wuta a Yawunde kafin su fitar da Aurion a 2016, wasan almara da aka gina a kan al'adun Afirka. A Abuja, Kenechukwu Ogbuagu ya kafa NIBCARD, yana ƙera wasannin tebur na gida da kwali da kati, kuma a 2021 kamfanin ya karɓi kyautar Diana Jones, wadda masu wannan sana'a a duniya ke girmamawa. Ku lura, Gloomhaven da Cyberpunk da Dungeons & Dragons duk a takarda suka fara. Kwamfuta daga baya ta zo.

Aikin farko ma ba na mai kwamfuta ba ne, na mai biro da littafi ne. Kwamfuta ba ta san "ai haka muke yi a garinmu" ba. Sai an faɗa mata komai dalla-dalla, dara kuwa kowane dandali da nasa salon. In mutum ya jera huɗu a layi, ya ci ko bai ci ba? A wurare da yawa bai ci ba. An yarda a jera uku tun lokacin sa 'ya'ya? Galibi an hana. Za a iya cire ɗan da ke cikin jerin uku na abokin karawa? Nan ma akwai saɓani. Gida 30 ne ko 36? In mutum ya rasa inda zai gusa, an cinye shi ne ko zai jira? Dattijon da ke buga dara a kasuwar Gummi na da amsar kowace tambaya, amma ba lallai ta zo ɗaya da ta takwaransa na Bukkuyum ba, kuma ba a rubuce take ba.

Ƙungiyar ɗalibai biyar za ta iya wannan a hutun zango ɗaya. Ku je ku gaida masu dara, ku nemi izini ku zauna ku kalla, ku tambaya cikin ladabi in an gama wasa, ba ana tsakiyar lissafi ba, domin mai dara ba ya son a katse masa tunani. Ku rubuta dokokin da Hausa, ku sa sunan gari a gefen kowace. Sai ku zana gidajen a bayan kwali, ku samo marfin kwalba kala biyu, ku ba 'yan wani aji takardar dokokin ba tare da kun yi musu bayani da baki ba. Duk inda suka tsaya suna musu, nan ne rubutunku ke da giɓi, kuma nan ne kwamfuta za ta tsaya ita ma.

In makarantarku na da ɗakin kwamfuta, ku tambayi malamin ko akwai Scratch. Manhajar koyon haɗa wasa ce da jami'ar MIT ta Amurka ta yi don yara, kyauta ce, kuma akwai wadda ake sakawa a kwamfuta ta yi aiki babu intanet. Ba rubutu mai wuya ake yi da ita ba, tubalan umarni ake jonawa kamar ginin bulo. Darasin farko ba zai wuce zana ramuka 30 ba, na biyu kuma koya wa kwamfuta ta gane cewa tsinke uku sun jeru.