Sai An Toshe Layi Muke Tashi

A watan Disambar 2020, ministan sadarwa na wancan lokaci, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN cikin mako biyu. Kafin ka ce kwabo ofisoshin hukumar NIMC mai ba da lambar sun cika sun batse. Mutane na yin sammako tun asuba don rubuta suna a takarda, ga korona tana yawo a gari. Alhali kuwa an shekara da shekaru ana rajistar nan, kyauta, ba turereniya. Ba ƙin ta muka yi ba. Cewa muka yi sai an kwana biyu.

A ganina gwamnati ma tana da hannu a wannan hali namu. Ta yi ta ƙara wa'adi har maganar ta zama abin wasa, kowa ka taɓa sai ya ce, "Rabu da su, ai za su ƙara." Ranar 4 ga Afrilun 2022 ba a ƙara ba. Layuka sama da miliyan 72 suka wayi gari ba sa iya kira. Ɗan kasuwar da direba ya ɗauko masa kaya daga Legas sai da ya ari wayar maƙwabci kafin ya ji inda motar ta kwana.

To, a lissafa asarar. Aikin da a da ba ya wuce hantsi ya koma cin wuni guda, wani lokaci a koma gida ba a samu shiga ba. Ga kuɗin mota, ga na mai shagon kwamfuta, ga rumfa a rufe ciniki yana wucewa. Ba da mutanen ƙauye nake ba, waɗanda cibiyar rajista ta yi musu nisa. Su uzurinsu a fili yake. Da ɗan birni nake, wanda kullum ta ƙofar ofishin yake bi zuwa majalisa.

Haka aka sake yi da katin zaɓe. Hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe rajista a Yunin 2021, ta rufe ƙarshen Yulin 2022, amma sai a makonnin ƙarshe layi ya miƙe har titi.

Mai karatu, ɗauko fasfonka da lasisin tuƙinka ka duba ranar da za su ƙare. Idan saura wata uku, fara neman sabo a makon nan.