Ɗanka yana son zama likita, maki bai kai ba: ya sake ko ya kama wata hanya?

Kowace shekara in sakamakon bak ya fito, iyaye sukan tare mu a baranda bayan an gama ba da magani, da tambayar da ba ta ciwo ba. Wani ɗansa ya faɗi bak. Wani 'yarsa ta ci bak amma ba ta ci gasar shiga makarantar likitoci ba. Tambayar ɗaya ce: a bar yaro ya sake shekara, ko a nema masa wani abu? Ba ƙaramar magana ba ce, domin a gidaje da yawa amsarta tana nufin sayar da sa, ko buhunan masarar da aka ajiye don damina.

Bari mu fara da yadda hanyar take a nan Kamaru. Yaron da ke son zama babban likita yakan bi ajin kimiyya a lise, wato C ko D, ya ci probatuwar, ya ci bak. A ɓangaren masu Turanci kuma GCE ne babban mataki. Bayan haka akwai gasa guda ɗaya ta ƙasa duka, kuma daga cikinta ake rarraba waɗanda suka ci zuwa makarantu: Yawunde, wadda ita ce tsohuwa tun 1969, da Duwala, da Buya, da Bamenda, da Cang, da kuma Garwa da ta fi kusa da mu. Karatun shekara 7 ne. Masu nema sun ninka guraben da ke akwai sau da yawa, saboda haka yaro mai ƙoƙari sosai yana iya rasawa. Wanda ya faɗi wannan gasa ba daƙiƙi ba ne, kada a kira shi haka a gida.

In yaro bak ɗin ne bai samu ba, maganar gajeriya ce: ya sake, in da hali. Ba tare da bak ba, ƙofar likita a rufe take, ta babban ma'aikacin jinya ma haka. Shekara ɗaya a ajin ƙarshe ba asara ba ce.

Inda maganar ta fi wuya shi ne wanda ya ci bak da kyar, da maki 10 ko 11 cikin 20, ya shiga gasa ya faɗi, yana cewa a bar shi ya sake. A nan kafin ku ce i ko a'a, ku ɗauko takardun makinsa na shekara biyu ko uku, ku zauna da wani da ya iya karanta su, malamin makaranta ko wani a majami'a. Kada ku tsaya ga jimla. Ku dubi darasi darasi: ilmin halittu, kimiyyar sinadarai, fizik, lissafi. Yaron da ke samun 13 da 14 a kai a kai, sai zango guda ya faɗo 7, wani abu ne ya same shi a wannan zango. Yaron da tun shekara uku sinadarai ba su taɓa wuce 8 ba, labarinsa daban ne, kuma shekara guda ta zama a ɗaki da tsofaffin littattafai da wuya ta canza shi.

To me ya same shi? Nan ne aikinmu ya shigo, kuma nan nake so ku daɗe. Sau da yawa abin da ya kayar da maki a jiki yake. Zazzaɓin sauro da ya yi ta dawowa, ana shan rabin magani ana bari. Taifot da ta kwantar da yaro wata guda dab da jarrabawa. Ƙarancin jini, musamman ga 'yan mata masu zubar jini da yawa a al'ada, wanda ke sa mutum gyangyaɗi a aji ana ce masa malalaci. Akwai kuma wanda ba ya ganin allo daga baya, shekara da shekaru yana kwafa daga littafin maƙwabcinsa, bai taɓa sanin tabarau yake bukata ba. Ga yunwa: yaron ƙauye da ke haya a gari, garin rogo da safe, garin rogo da dare. Duk waɗannan ana gane su da gwaji mai sauƙi, kuma yawancinsu suna da magani. In an gano dalili an gyara, sakewa tana da ma'ana. In ba a taɓa komai ba, ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, yunwa ɗaya, me zai sa sakamako ya bambanta?

Wani zai ce ai maki lamba ce kawai, a samu a wuce. A ɗakin marasa lafiya ba haka ba ne. Ga misali: farasitamol na yara ana ba da miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin jiki. Yaro mai kilo 12 zai sha 180. In kwalbar tana da 120 a cikin mililita 5, za a auna mililita 7 da rabi. Ana yin irin wannan lissafi da ƙarfe 3 na dare, uwa tana kuka a gefe, kuma akwai magungunan da kuskuren ɗigo ɗaya a lissafinsu ke kashe mutum. Wanda zai sake karatu ya sake don ya gane abin, domin zai same shi a gaba yana jiransa.

In kun yarda ya sake gwada gasar, ni ban goyi bayan ya zauna a gida hannu rabbana ba. Gara ya yi rajista a sashen kimiyya na jami'a, kamar ta Ngaundere da ke Dang, ya karanta ilmin halittu ko sinadarai yana shirin gasa. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, sai dai haya da abinci da mota sun fi shi nauyi, ku lissafa su tun farko. Amfanin shi ne in bai ci ba karo na biyu, yana da shekara guda a hannu. Ku kuma nemi sanarwar gasar ta wannan shekara ku karanta da idonku, domin akwai iyakar shekarun haihuwa, kuma yaran ƙauye da yawa sun shiga makaranta a makare. Ga 'ya mace zaman gida ya fi haɗari: kafin shekara ta zagayo masu neman aure sun yi sallama, littattafai sun koma ƙarƙashin gado.

Ku yanke adadi tun yau, ku da yaron. A ganina sau biyu ya isa. Na uku ya zama kamar mai haƙa rijiya a kan dutse.

Sauran hanyoyin kuwa ba na waɗanda suka gaza ba ne, ko da yake na san haka ake faɗi a gari. Mai bak yana iya shiga gasar ma'aikatar lafiya ya yi shekara 3 ya fito ma'aikacin jinya mai takardar gwamnati, ko ungozoma, ko mai aikin ɗakin gwaji. Mai BEPC yana iya zama mataimakin jinya a ɗan gajeren lokaci. Ku tuna asibitin ƙauyenku: wa ya karɓi haihuwar matarka, wa ya ɗinke ƙafar da gatari ya sara, wa ya gane cewa wannan ciwon ya fi ƙarfinmu a kai shi gari yanzu? A yawancin ƙananan asibitoci babu babban likita ko ɗaya. Sai dai ku kiyaye makarantu masu zaman kansu da ba su da izinin ma'aikatar lafiya. Ku ce a nuna muku takardar izini kafin ku biya ko dala.

Ku tambayi yaron ma, shi kaɗai, ba a gaban baffanni ba: kai kake so, ko mu muke so? Akwai masu sakewa don tsoron uba kawai.

Abu biyu za ku sa wa ido a wannan shekara. Na farko ƙwayoyi. Yara suna gaya wa juna cewa tramol na hana barci a yi karatu. Tramol na kama mutum har ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya, kuma abin da aka karanta ba barci ba ya zama a kai. Na biyu baƙin ciki. In bayan sakamako yaro ya daina ci, ya daina fita, ba ya barci har mako biyu, ko kuka ji ya ce gara ya mutu, kada ku ɗauka shagwaɓa ce. Ku ɗauke maganin ƙwari da na feshin gona daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, ku kawo shi asibiti a ranar. In za ku zo, ku taho da takardun makinsa da katin asibitinsa na da, mu duba su tare.