Tsohuwar Bindigar Gado: Abin Lura Kafin A Sa Mata Kuɗi

Idan aka zo rabon gado a Garhanga ko wani gari na ƙasar Adar, gona da dabbobi da hatsi duk an san yadda ake yi musu kuɗi. Inda magada kan cije shi ne idan aka buɗe adakar mamaci aka tarar da tsohuwar libarba naɗe cikin tsumma. Sau da yawa kuma ɗan kasuwa ake kawo wa ita, ko dai ya saya ko ya karɓa jingina.

Irin waɗannan bindigogi suna da dogon tarihi a yankin, domin tun 1901 sojojin Faransa suka gwabza da mayaƙan Kel Gress a Galma, cikin ƙasar Madawa. Sojojin Faransa na wancan zamani suna rataya libarba samfurin 1873 mai harsashi milimita 11, ko samfurin 1892 mai milimita 8, dukansu masu cin harsashi shida, ƙirar masana'antar makamai ta Saint-Étienne. Sunan masana'antar yana jikin bindigar, shekarar ƙira kuma tana kan bututu bayan harafin S.

To, mai karatu, masu tara kayan tarihi a Turai abu uku suke dubawa. Na farko lamba. Idan lambar da ke jikin bindigar ta yi daidai da ta sauran sassanta, an san ba a yi mata haɗe-haɗe ba. Na biyu lafiyar ƙarfe, musamman cikin bututu, domin tsatsar da ta ci rami ba ta gyaruwa. Na uku, wanda ya fi ba mutanenmu mamaki, shi ne ko an taɓa ta. A kasuwa mun saba da cewa kayan da aka goge ya fi shiga ido, amma a nan abin ya juya. Bindigar da ta dushe da tsufa, tana nan yadda aka ƙera ta, ta fi wadda maƙeri ya kankare, ya sake mata ƙota, ya yanke baki ko ya yi mata walda daraja. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kada kuma a ce za a gwada harbi don a san lafiyarta. Samfurin 1873 don baƙin albarushin da aka yi shi, kuma ƙarfen da ya haura shekara 100 yana iya tarwatsewa a hannun mai harbi.

Sai dai duk wannan lissafi bai kai maganar takarda muhimmanci ba. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tsufanta ba ya fitar da ita daga doka. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar CNCCAI don tattara haramtattun makamai, a ranar 25 ga Satumba 2000 kuma aka ƙona bindigogi a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. A 2017 an kafa dokar ta-ɓaci a Tillia da Tassara, cikin jihar Tawa. Saboda haka ɗan kasuwar da jandarma suka samu da bindiga cikin buhun albasa a hanyar Keita ko Buza, cewa jingina ce ba za ta fisshe shi ba. Haka ma uwargidan da ta yarda aka ɓoye ta a ɗakinta.

Mai tunanin kai ta waje ya sayar, shi ma ya sani cewa dokar 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, ba a fitar da su haka kawai.

Shawara ga magada ita ce kada su sa wa bindigar kuɗi cikin rabo sai sun sanar da hakimi ko jandarma. Idan tana da tarihi, su rubuta sunan mai ita da yadda ya same ta tun dattawan da suka sani suna raye, su kuma tuntuɓi gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Kai kuwa ɗan kasuwa, kada ka sayi biri a sama. Kayan da ba ka iya bajewa a rumfa ranar kasuwa ba haja ba ne. Allah Ya kiyashe mu da ribar da ke cinye uwar kuɗi.